Gwari da Gwaranci: Inda Sunan Ya Samo Asali

A tashar mota ta Samaru ko cikin kasuwar Sabon Gari a Zariya, da baƙo ya ce "mace ya zo" sai a kwashe da dariya, a ce gwaranci yake yi. Wanda ya shigo gari yana ta ƙauyanci kuma a kira shi Bagwari, ko da Bakatsine ne gaba da baya. Da yawa daga masu faɗar haka sun manta cewa sunan wata al'umma ce suke tsokana da shi.

Mutanen nan Gbagyi suke kiran kansu, wani reshe nasu kuma Gbari. Suna zaune a jihohin Neja, Kaduna da Nasarawa da yankin Abuja. Hausa ba ta da sautin "gb", sai bakin Bahaushe ya lanƙwasa Gbari ya koma Gwari. Ashe sunan da muke yi wa mai karya harshe ba'a da shi, mu muka fara karya shi!

Raini kuwa tarihi ne ya kawo shi. A ƙarni na 19, mahara masu neman bayi daga Zazzau da Kwantagora sun addabi ƙasar Gbagyi. Umaru Nagwamatse na Kwantagora da ɗansa Ibrahim sun yi ƙaurin suna a wannan ɓarna. Doki ba ya hawan tsauni, don haka jama'a suka koma kan duwatsu irin su Zuma da Paida ta Minna, suna sauka noma suna komawa. Mutumin da tsoro ya tsare a dutse shekara da shekaru, in ya sauko cin kasuwa, Hausarsa ba ta nuna ba, matarsa na ɗauke da doya a kafaɗa maimakon ka, ai ɗan birni zai ga abin dariya. Bai tsaya tambayar wa ya kora su can ba. A Amurka ma haka aka laƙaba wa mazauna tsaunukan Afalashiya sunan raini "hillbilly".

Amma ƙasar tasu ce Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya nufa da masu jihadi suka ci Zariya, a can kuma ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ke bayan takardar naira 20, Bagbagyiya ce, kuma a nan Samaru Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Yau 'ya'yansu sun fi so a ce Gbagyi, kamar yadda Bajju suka ƙi Kaje, Atyap suka ƙi Kataf, Adara suka ƙi Kadara. Tsohon sunan dai yana nan a taswira, a Birnin Gwari.