Suma da rikicewar bugun zuciya: Yaushe lamarin ke zama haɗari?

A ranar 20 ga Yuli, 2020, muƙaddashin shugaban Hukumar Raya Yankin Neja-Delta na wancan lokaci, Farfesa Kemebradikumo Pondei, ya sume a gaban kwamitin Majalisar Wakilai a Abuja ana tsaka da yi masa tambayoyi. Irin wannan faɗuwa tana aukuwa a kasuwa, a masallaci ko a layin banki, kuma mutane da dama ba su san abin da ya kamata su yi ba.

Suma na faruwa ne idan jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci. Mafi yawanta ba ta da haɗari. Tsananin zafi irin na Maris da Afrilu, ƙishirwa, doguwar tsayuwa, firgita ko miƙewa da sauri duk na iya jawo ta. Mutum kan fara jin jiri da gumi, idonsa ya yi duhu, sannan ya farfaɗo cikin ƙanƙanin lokaci.

Wadda ake tsoro ita ce mai tushe a zuciya. Zuciyar baligi na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. Idan bugun ya yi saurin da ya wuce kima, ko ya yi jinkiri sosai, ko ya rikice, zuciya kan kasa tura isasshen jini. Hawan jini, ciwon zuciya bayan haihuwa, cutar maƙoƙo da wasu magunguna na cikin musabbabai. Ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, kuma binciken gawarsa ya nuna zuciyarsa ta kumbura.

Alamomin haɗari su ne suma ba tare da gargaɗi ba, ko yayin motsa jiki, ko a kwance, ko tare da ciwon ƙirji da faɗuwar gaba, musamman idan wani a dangi ya taɓa mutuwar fuju'a.

Idan mutum ya sume, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafinsa, a ba shi iska. Kada a ɗura masa ruwa ko a cusa masa cokali a baki. Idan ba ya numfashi, a kira 112, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso.

Wanda ya farfaɗo ya je asibiti a yi masa gwajin ECG, kamar a Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Wasu magani ya ishe su, wasu kuma sai an dasa musu na'urar daidaita bugun zuciya.