Mayun Turawa a Majigi: Shawara Ga Abokai a Kafanchan

Tun daga 1927, sa'ad da hanyoyin jirgin ƙasa suka haɗu a Kafanchan, garin nan ya zama matattarar kabilu, kowace ta zo da harshenta da addininta da abin tsoronta. Amma ko ka zauna da Bahaushe ko Bajju ko mutumin Kagoro, muddin hira ta yi nisa da dare, da wuya a tashi ba a ambaci maye ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake so in yi wa abokaina ishara zuwa ga wani fim na ban tsoro da ban dariya, wanda na tabbata akwai fa'ida a cikinsa fiye da nishaɗi.

Sunansa What We Do in the Shadows, Taika Waititi da Jemaine Clement ne suka shirya shi a ƙasar Niyu Zilan a 2014, bai kuwa kai sa'a ɗaya da rabi ba. Labarin wasu matattu ne huɗu masu tashi da dare su sha jinin bil'adama, waɗanda suka haɗa gida a birnin Wellington, aka ɗauke su kamar ana ɗaukar rahoton gaskiya. Babbansu, Petyr, shekararsa 8,000. Viago kuwa, mai shekara 379, shi ne mai tsabta, har jarida yake shimfiɗawa a ƙasa kafin ya ciji mutum don kada jini ya ɓata ɗaki. Ga su da ikon tashi sama da rikiɗa, amma abin da ya fi haɗa su husuma shi ne kwanukan da ɗayansu, Deacon, ya shekara biyar bai wanke ba. Madubi ba ya nuna su, saboda haka in za su fita sai su zana wa juna kamanninsu a takarda. Ba su kuma iya shiga wuri sai an ce musu su shigo. Hikimar masu fim ɗin ita ce sun ɗauki abin da ake jin sunansa jiki ya yi sanyi, suka zaunar da shi yana gardamar shara da wanke-wanke, har mai kallo ya ga kwarjininsa ya zube.

Kada mai karatu ya zaci Turawa sun fara da dariya ne. A 1725, a wani ƙauyen Sabiya, mutane suka yi ta mutuwa bi da bi, jama'a suka ɗora alhakin a kan wani mamaci, Petar Blagojević, suka tone kabarinsa, suka ga jini a bakinsa, suka soka masa itace a ƙirji, suka ƙone shi. Fitinar ta yi ta yaɗuwa har 1755, lokacin da Sarauniya Mariya Tereza ta sa likitanta Gerard van Swieten ya yi bincike, ya tabbatar cewa camfi ne, ta hana tonon kaburbura. Bayanin kuwa a yau sananne ne ga likitoci: gawa in ta kwana biyu, fata na bushewa ta ja baya, sai farce da gashi su zama kamar sun ƙara tsawo, ƙwayoyin da ke cikin hanji suna haifar da iska, ciki ya kumbura kamar na wanda ya ƙoshi, iskar ta turo ruwa mai duhu ta baki da hanci, in an soki ƙirji kuma ta fita da ƙara mai kama da nishi. Hatta a Amurka, a 1892, an tone kabarin wata yarinya, Mercy Brown, bisa irin wannan zargi, alhali tarin fuka ne ke cinye danginta, cutar da Robert Koch ya riga ya gano ƙwayarta tun 1882.

To, mu dawo gida. A wurinmu ba mamaci ake tuhuma ba, rayayye ne, kuma galibi tsohuwa ce mara gata ko maraya. Yaro ya kwanta da sanƙarau a lokacin zafi, ko zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, ya shiga sambatu ya kira sunan maƙwabciya, nan take a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta a tilasta mata ta tsallaka shi, wani lokaci har da duka, alhali sa'o'in da aka ɓata a kanta su ne waɗanda allura za ta cece shi a cikinsu. Wannan zalunci biyu ne, ga mara lafiya da wadda aka yi wa ƙazafi. Shari'ar Musulunci ba ta yanke hukunci da zato, Kiristanci ya hana shaidar zur, dokar Final Kod ta Arewa ma ta mai da zargin mutum da maita laifi.

Sai dai in yi gargaɗi: akwai jini da yawa a fim ɗin, da maganganun da ba su dace da kunnen yara ba, kuma da Turanci aka yi shi. Manya su nemi shi su kalla tare, a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi, su yi dariyarsu. Ranar da yaro ya fara sambatu kuwa, don Allah a ɗauke shi zuwa asibiti kafin a saurari sunan da ya kira.