Zarce wa'adin bizar ziyara a Amurka: Hukuncin da ke biyo baya da hanyoyin gyara da suka rage

A ce wata uwa ce ta tashi daga Kano zuwa birnin Houston domin yi wa 'yarta zaman jego. A fasfonta akwai bizar ziyara ta shekara biyar. Jariri ya zo da 'yar rashin lafiya, mai jego ta koma bakin aiki, babu mai raino. Sai iyali suka yanke shawarar ta ƙara zama, tunda dai a ganinsu bizar tana da sauran shekaru.

Daga nan matsalar take farawa, kuma mutane da yawa ba su gane sun faɗa cikinta sai ranar da suka koma ofishin jakadanci neman sabuwar biza aka juya musu baya.

Biza daban, wa'adin zama daban

A dokar Amurka, biza izini ce kawai ta zuwa bakin ƙofa. Jami'in hukumar kwastam da tsaron iyaka, wato CBP, da ke filin jirgi shi ne mai yanke ko mutum zai shiga, da kuma tsawon lokacin da zai zauna. Ranar da ya yanke ana rubuta ta a wata shaida da ake kira I-94, wadda yanzu a intanet ake duba ta a shafin hukumar ta hanyar saka lambar fasfo.

Yawanci mai bizar ziyara ta B-1/B-2 wata shida ake ba shi, amma jami'in yana da ikon ba da ƙasa da haka. Ranar da ke kan I-94 ita ce abin lissafi, ko da bizar tana da sauran shekara huɗu. Idan uwar nan ta sauka ranar 10 ga Janairu aka ba ta zuwa 9 ga Yuli, to daga 10 ga Yuli zamanta ya saɓa wa doka.

Tun daga rana ta farko akwai asara. Sashe na 222(g) na dokar shige da fice ya tanadi cewa bizar wanda ya zarce wa'adi ta mutu nan take, ko da kwana ɗaya ya ƙara. Ba za a buga wani tambari a fasfon ba, shi ya sa wasu ke ɗauka tana nan da ranta. Kuma idan zai nemi sabuwa, sai dai ya koma ƙasarsa ya nema, inda jami'in da zai yi masa tambayoyi yana kallon tarihin shiga da fitarsa a kwamfuta.

Kwana 180 da shekara ɗaya

Hukunci mafi nauyi ya samo asali ne daga wata doka da aka kafa a 1996, zamanin Shugaba Bill Clinton. Dokar ta gindaya iyakoki biyu.

Wanda ya yi zaman da ba bisa ƙa'ida ba na sama da kwana 180 amma bai kai shekara ɗaya ba, sannan ya fita, za a hana shi sake shiga ƙasar na tsawon shekara uku. Wanda ya kai shekara ɗaya ko ya haura, shekara 10 ne. Idan kuma bayan ya yi sama da shekara ɗaya ya fita, sannan ya lallaɓo ta kan iyaka ba tare da izini ba, to haramcin na dindindin ne, kuma ba zai iya ko neman afuwa ba sai ya yi shekara 10 a waje.

A lissafin uwar nan, kwana 180 za su cika ne a makon farko na Janairun shekara mai zuwa. Idan ta hau jirgi a Disamba, bizarta ce kawai ta tafi, kuma tana iya sake nema, ko da yake samu zai yi wuya. Idan ta bari sai Fabrairu, shekara uku ba za ta taka ƙasar ba. Idan ta kai Yuli na gaba, jikan da ta je raino zai kusa gama firamare kafin ta sake zuwa gidansu.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne haramcin ba ya aiki sai ranar da mutum ya bar ƙasar. Wannan ne ya sa waɗanda suka daɗe suke maƙalewa, gaba kura baya sayaki. Zama babu takarda, fita kuma ƙofa ta rufe.

Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba a lissafa musu waɗannan kwanaki.

Zaman da babu takarda

Ko da bizar ziyara tana da rai, ba ta ba mutum izinin yin aiki ba. Wanda ya zarce wa'adi ya kama sana'a ya tara laifi biyu. Masu ɗaukar aiki a ɓoye sun san halin da yake ciki, don haka sukan biya shi abin da suka ga dama, shi kuma ba ya iya kai ƙara don tsoron tonon asiri.

Jami'an hukumar ICE na iya kama shi a kowane lokaci su gurfanar da shi gaban alƙalin shige da fice. Wanda alƙali ya ba da umarnin a tasa ƙeyarsa, galibi shekara 10 zai yi bai dawo ba. Wanda kuma aka aika wa sammaci ya ƙi zuwa, alƙali na iya yanke hukuncin korarsa a bayan idonsa.

Hanyoyin gyara

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ake bi kafin wa'adi ya cika. Mai ziyara yana iya cike fom mai lamba I-539 ya miƙa wa hukumar USCIS yana neman ƙarin lokaci, tare da bayyana dalili da shaidar cewa yana da abin da zai riƙe kansa kuma zai koma gida. Hukumar na ba da shawarar a miƙa aƙalla kwana 45 kafin ranar da ke kan I-94. Muddin an miƙa a kan lokaci, da dalili na gaskiya, kuma mutum bai yi aiki ba, ba a lissafa masa kwanakin da yake jiran amsa.

Idan wa'adin ya riga ya wuce, hukumar na da ikon karɓar takardar a makare, amma sai an nuna cewa wani abu ne da ya fi ƙarfin mutum ya jawo jinkirin, kamar kwanciya a asibiti. Wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma sai da takardun shaida.

Hanya ta biyu ita ce tattara kaya a koma gida kafin kwana 180. Masu irin wannan hali ya kamata su adana tikiti, da katin shiga jirgi, da takardun asibiti idan akwai, domin su ne za su yi musu magana a gaban jami'in biza nan gaba.

Hanya ta uku ta shafi dangi na kusa na ɗan ƙasar Amurka: miji ko mata, 'ya'ya marasa aure 'yan ƙasa da shekara 21, da iyayen ɗan ƙasa wanda ya kai shekara 21. Irin waɗannan, idan ta ƙofa suka shigo jami'i ya duba su, doka ta ba su damar neman katin zama na dindindin daga cikin ƙasar ko da sun zarce wa'adi, ta hanyar fom I-130 da I-485.

A nan ne matsayin 'yar ke da muhimmanci. Idan 'yar ƙasa ce, tana iya nema wa mahaifiyarta. Idan katin zama kawai take da shi, doka ba ta ba ta damar nema wa iyaye ba. Sannan idan hukuma ta gano tun daga gida mutum ya zo da niyyar zama amma ya ce ziyara ce, ana iya ɗaukar hakan a matsayin yaudara, wadda haramcinta na har abada ne.

Ga wanda dole sai ya fita ya yi hira a ofishin jakadanci, akwai neman afuwa da fom I-601A tun kafin ya tashi, ko I-601 bayan ya fita. Sharaɗin shi ne ya nuna cewa miji, mata ko iyayensa, waɗanda 'yan ƙasa ne ko masu katin zama, za su shiga matsanancin hali idan babu shi. Wahalar 'ya'ya ba ta wadatar a wannan fanni. Ke nan uwar da ta haura shekara ɗaya ta fita, ba za ta iya kafa hujja da 'yarta ba.

Neman mafaka kuwa na wanda ke fuskantar zalunci ne a ƙasarsa saboda addini, launin fata, ƙabila ko asalin ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a, kuma a ƙa'ida cikin shekara ɗaya da shigowa ake nema. Wanda aka tabbatar ya ƙirƙiri labari da gangan ya rufe wa kansa duk wata ƙofa ta gaba.

Wanda shari'arsa ta riga ta je kotu yana iya roƙon alƙali ya bar shi ya fita da kuɗinsa, cikin wa'adin da bai wuce kwana 120 ba idan ya nema tun da wuri, ko kwana 60 idan sai ƙarshen shari'a. Wannan na kare shi daga tabon kora, amma ba ya goge haramcin shekara 10 idan ya riga ya cancance shi. Haka abin yake ga shirin manhajar CBP Home, wanda a Mayun 2025 gwamnati ta sanar za ta ba masu fita da kansu tikiti da dala 1,000.

Gyaran da ke ƙara ɓatawa

Masu neman mafita cikin gaggawa su ne kasuwar 'yan damfara. Auren bogi don samun takarda laifi ne da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, kuma wanda aka kama ba za a sake amincewa da wata takardar dangi da aka shigar dominsa ba. Haka nan wanda ya ce shi ɗan ƙasa ne alhali ƙarya ne, ko da a takardar neman aiki, ya jawo wa kansa haramci na dindindin.

Akwai kuma dillalai masu cike fom da ke kiran kansu masana. Lauya mai lasisi, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta amince da shi, su kaɗai doka ta yarda su ba da shawara kan irin wannan lamari.

Laifin wani, hukuncin kowa

Duk shekara ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka na fitar da rahoton waɗanda suka zarce wa'adi ƙasa-ƙasa, kuma gwamnatin Shugaba Donald Trump ta mayar da alƙaluman abin kafa hujja. A Yunin 2025 ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga, ciki har da Chadi da Sudan, inda ta ce kashi 49.54 cikin 100 na 'yan Chadi masu bizar ziyara sun zarce wa'adi.

A Yulin shekarar aka mayar da yawancin sababbin bizar 'yan Najeriya ta wata uku kuma shiga sau ɗaya. A Disamba kuma aka saka Nijar cikin jerin haramci gaba ɗaya, Najeriya kuma cikin jerin takunkumi na wani ɓangare, wanda ya shafi bizar ziyara da ta karatu. Cikin dalilan da aka bayar kan Najeriya har da zarce wa'adi: kashi 5.56 na masu ziyara da kashi 11.90 na ɗalibai da masu shirin musaya.

Wato cikin 'yan Najeriya 100 da suka je ziyara, sama da 94 sun fita a kan lokaci, amma ɗalibin da ya samu gurbin karatu da majinyacin da likita ke jira duk sun shiga cikin waɗanda matakin ya shafa.

Ga wanda har yanzu yake can, abin da ke hannunsa shi ne ya buɗe shafin CBP ya duba ranar da ke kan I-94 ɗinsa, ya ƙirga kwanakin da suka wuce ko suka rage, sannan ya ga lauya kafin ya sayi tikiti ko ya sa hannu a wata takarda.