Keken Ɗinki Ma Rumbu Ne

A ƙasar Rimawa, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, babu manomin da ke gina rumbu a kan ƙasa tsura. Sai ya jera duwatsu ya ɗora gindin a kai, don kada danshi da gara su samu hanya. Ya yi masa jinka saboda ruwan sama, ya toshe kafar ɓera, ya nisanta shi da murhu. Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Ya dai san abincin shekara ne a ciki, kuma in ya salwanta, sai wata kakar.

Tela ma yana da rumbunsa, sai dai nasa na ƙarfe ne. A da, Butterfly ko Singer mai ƙafa ita ce jarin. Yau a shagunan garuruwan nan za ka tarar da Juki mai lantarki, da keken tinko na aikin wuya, wasu ma sun kai ga monogiram, wadda kwamfuta ke ja wa zare ta fitar da aikin babbar riga cikin sa'o'i. Kuɗin irin wannan keke miliyoyi ne. Wani gona ya sayar, wani bashi ya ci, wani adashin shekaru ya kwasa. Amma sau da yawa za ka ga keken a ƙasa, ba lulluɓi, an jona ta kai tsaye da wayar da fanka da dutsen guga ke sha.

To, mene ne duwatsun wannan rumbu? Na farko dandamali. Wanda ya ga Satumbar 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. A shekarar ne ruwan Rima ya yi ambaliya daga wajen madatsar Goronyo, ya ci ƙauyuka da gonaki, ya karya gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tsohuwar Butterfly in ta sha ruwa, a wanke, a shanya, a zuba mai, ta tashi. Monogiram kuwa in ruwa ya taɓa allon lantarkinta, magana ta ƙare sai an nemo sabo. Na biyu sitabilaiza. Wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, da janaretan da ke hawa yana sauka, su ne garar keken zamani, suna ci daga ciki ba a gani. Jinka kuma ita ce lulluɓi, musamman lokacin hunturu, domin ƙura in ta haɗu da mai sai ta zama kamar yashi a cikin ƙugiya. Sannan a raba janareta da jarkar fetur da ɗakin da yadi yake.

Duk da haka, manomi ya san duwatsu da jinka ba su hana ƙaddara. Gobara kan tashi daga gidan maƙwabci. In rumbu ya ƙone, abin da aka gada shi ne jaje da gudummawa: wannan ya kawo dami, wancan ya kawo kwano biyu, har mai gida ya samu abin kai wa ga damina.

A nan ne rumbun tela ya sha bamban. Dami yana mayar da dami, amma gudummawar ranar jaje ba ta sayen monogiram. Daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Ko da ƴan'uwa sun so, aljihunsu ba zai kai ba. Dabarar da ta rage ita ce a tara damin tun wuta ba ta tashi ba. Wannan shi ne inshora.

Da yawa daga mutanenmu suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca, kuma damuwarsu abin saurare ce. Don haka aka samar da takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979. A Najeriya, hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Tsarin shi ne kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna. Kamfani wakili ne, yana karɓar ladan kula da asusun. Wanda asara ta same shi a biya shi daga ciki, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda suka cancanta. Ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa kai dami gidan da aka yi gobara. Bambancin kawai, wannan a rubuce yake, kuma an san adadi.

Maganar adadi kuwa, manomi ya fi tela. Ka tambaye shi dami nawa ya zuba, zai faɗa maka ba tare da ya duba ba, domin da lissafin yake fitar da zakka. Tela fa? Ina rasidin keken? Ina lambar da aka buga a jikinta? Ina hotonta a cikin shago? Ranar neman diyya waɗannan ne shaidu. Kuma a faɗi ƙimar gaskiya ta yau. A ce keke ta kai naira miliyan 6, mai ita ya rubuta miliyan 3 don gudummawarsa ta yi sauƙi. In ta yi ɓarnar miliyan 2, ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ba shi miliyan 1, tun da rabin rumbun ya bayyana. Wanda ya sayi kekensa kafin faɗuwar naira, ya kamata ya sake duba abin da ya rubuta.

Haka nan kowace takardar inshora da iyakarta. Ta gobara daban, ta fasa shago daban, ta lalacewar inji daban. Ambaliya sau da yawa sai an nemi a ƙara ta. Tsufa da cin ƙarfe na yau da kullum ba a biyan su. A yankin da ke fama da ƴan bindiga, dole tela ya yi tambaya ƙarara: in an kai hari an ƙone shago ko an kwashe kaya, takardar nan ta rufe ko ba ta rufe ba? A nuna masa amsar a rubuce, kada ya tsaya ga faɗar baki. Kuma doka ta ce sai an biya kuɗin kafin kariya ta fara aiki.

Akwai kuma hatsin da ba na mai rumbu ba. Goman ƙarshe na azumi, shagon tela cike yake da shadda da gezna na mutane, wani lokaci kuɗinsu ya fi na keken. Amana ce. Gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ta nuna yadda dukiyar shekaru ke zama toka cikin yini guda. Ana iya sa kayan ajiya a cikin takardar, amma sai an ambace su, kuma sai da littafin da ke nuna wa ya kawo me.

In tela ɗaya daga Rabah ya nufi ofishin kamfani a birni, da wuya ya samu sassauci. Amma ƙungiyar teloli ta ƙaramar hukuma, mai kekuna hamsin ko ɗari a rubuce, tana iya kiran wakilin kamfani ya zo har gida, a zauna tare da malamin da aka yarda da shi, a karanta sharuɗɗa da Hausa, a yi ciniki. Kafin nan, aikin da ke gaban shugabannin ƙungiya shi ne su zaga shago-shago da littafi, su rubuta kowace keke da lambarta da kuɗinta na yau.