Gandun Dajin da Aka Bar wa Wuta

Ranar Asabar, 20 ga Agusta, 1988, iska mai ƙarfi ta taso a gandun dajin Yellowstone da ke yammacin Amurka, ta tarar da wutar da ta yi makonni tana ci, ta hura ta. A wannan yini guda wutar ta lashe fiye da eka 150,000. Yellowstone kuwa ba ƙaramin wuri ba ne a wajen Amurkawa. Shi ne gandun daji na farko da gwamnatinsu ta keɓe, tun 1872, faɗinsa ya haura eka miliyan biyu, akasarinsa a jihar Wyoming. Da gidajen talabijin suka shiga nuna harsunan wuta suna haure kan itatuwa, sai aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma ba a sha wahalar samunsa ba. Ma'aikatan gandun ba su ɓoye ba: a watan Yuni da farkon Yuli sun ga wutar da tsawa ta kunna a wurare da dama, suka zura mata ido da gangan, domin haka tsarin aikinsu ya tanada.

Wanda bai san inda aka fito ba zai ce wannan sakaci ne tsagwaronsa. Amma Amurka ta gwada kashe kowace wuta shekara da shekaru, ta ga abin da ya haifar. A Agustan 1910 wata gobara ta cinye daji kimanin eka miliyan uku a jihohin Idaho da Montana, ta halaka mutane fiye da 80, yawancinsu masu kashe gobara. Tun daga nan hukumar kula da dazuzzuka ta ɗauki wuta a matsayin abokiyar gaba, har a 1935 ta kafa ƙa'ida cewa duk wutar da aka ba da labarinta, lallai a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Aka samu nasara ƙwarai, nasarar ce ma ta zama matsala. Busassun ganye da ƙirare da faɗaɗɗun rassa, waɗanda a da ƙaramar wuta ke sharewa lokaci-lokaci, suka yi ta taruwa. Ƙananan itatuwa suka cunkushe ƙarƙashin manya. A 1963 wani kwamitin masana ƙarƙashin A. Starker Leopold ya shawarci gwamnati da ta bar gandun daji su riƙa tafiya bisa ɗabi'arsu, har da wuta. Hukumar gandun daji ta sauya tsari a 1968, Yellowstone ya bi sahu a 1972: wutar da mutum ya tayar a kashe ta, wadda tsawa ta kunna a bar ta muddin ba ta doshi rai ko gini ba.

Shekara 16 tsarin yana tafiya salin-alin. Wuta sama da 200 aka bari a tsakanin 1972 da 1987, duka-duka abin da suka ci bai kai eka 35,000 ba, yawancinsu ma da kansu suka mutu. Sai ga 1988, shekarar da gandun bai taɓa ganin farin lokacin zafi irin nata ba tun da aka fara ajiye lissafi. Ranar 21 ga Yuli aka ba da umarnin kashe kowace wuta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mutum fiye da 25,000, har da sojoji, suka yi aikin, aka kashe kusan dala miliyan 120. Sun ceci garuruwa da manyan gine-gine, amma wutar ba ta lafa ba sai da ruwa da dusar ƙanƙara suka sauka ranar 11 ga Satumba. A lokacin ta taɓa kusan eka 800,000, wato kashi 36 cikin 100 na gandun. Abin da masu zagi ba su cika ambata ba shi ne, wutar da ta fi kowacce girma a wannan shekarar ba tsawa ce ta kunna ta ba. Guntun sigarin wani mai saran itace ne a wajen iyakar gandun, kuma tun ranar farko ake yaƙarta.

An yi ta cewa Yellowstone ya mutu. Daminar da ta biyo baya ta ƙaryata hakan. Kusan duk dajin na wani nau'in itacen fain ne dogo miƙaƙƙe, wanda da yawansa ke riƙe irinsa cikin ƙwanso mai tauri da ƙaro ya liƙe bakinsa. Ƙwanson kan yi shekaru a kan reshe bai buɗe ba, sai zafin wuta ya narkar da ƙaron. Uwar itacen ta ƙone, irin ya zubo kan toka, ga taki, ga hasken rana da inuwa ta daina tarewa. Masana irin su Monica Turner da William Romme, waɗanda suka bi diddigin wurin shekaru masu yawa, sun tarar da tsiro birjik, a wasu wuraren dubbai a eka guda, ba tare da kowa ya shuka ba. Sun kuma lura wutar ba ta yi wa dajin aski ƙwal-ƙwal ba. Ta ci nan ta tsallake can, ta bar tsibiran ɗanyen daji da suka zama mafakar dabbobi da tushen iri. Ƙasar da zafi ya kashe ƙwayoyin cikinta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Manyan dabbobin da aka ƙirga gawarsu 'yan ɗaruruwa ne cikin dubun-dubata, ko da yake hunturun da ya biyo ya kashe manyan bareyi masu yawa, saboda fari da ƙarancin abinci sun haɗu da tsananin sanyi.

Bincike a jikin tsoffin itatuwa ya nuna irin wannan dajin dama haka yake rayuwa: ya yi shekara 100 zuwa 300 yana girma, sannan babbar gobara ta zo ta sabunta shi. An yi makamanciyarta a ƙarni na 18. Saboda haka ban yarda da masu cewa barin wuta ne ya ƙone Yellowstone ba, haka ma masu cewa tarin ƙiraren shekarun hana wuta ne. Fari da iska ne suka yi aikin.

Inda hana wuta ya yi ɓarna a fili shi ne jihar Kalifoniya, gidan itatuwan sikoya, waɗanda wasunsu sun haura shekara 3,000. Ɓawonsu kan kai kaurin rabin mita, ƙaramar wuta ba ta yi musu komai, hasali ma irinsu bai cika tsirowa ba sai a ƙasar da wuta ta share. Kafin zuwan Turawa, tsawa da 'yan asalin ƙasar sukan tayar da irin wannan wuta a kai a kai. Da aka hana ta kusan ƙarni guda, ƙananan itatuwa suka taso suka zame wa wuta tsani, tana hawa kansu ta kai ga ganyen manyan. Gobarar 2020 da ta 2021 sun kashe manyan sikoya da aka ƙiyasta sun kai kashi 13 zuwa 19 cikin 100 na duk waɗanda ke duniya. A 2021 sai da aka naɗe gindin itacen da ake kira Janar Sherman, mafi girman jiki a duniya, da bargon hana wuta. Shi da maƙwabtansa sun tsira, kuma babban dalili shi ne an daɗe ana cinna wa kurminsu wuta da gangan, a lokacin da aka zaɓa, don rage makamashi.

Kada a ɗauka wannan dabarar ba ta cin mai ita. A Mayun 2000 ma'aikatan gandun Bandelier a jihar New Mexico suka cinna irin wannan wuta, iska ta ƙwace ta, ta shiga garin Los Alamos, iyalai kusan 400 suka rasa matsuguni. Gobara daga kogi ke nan. A Yulin 2025 ma wata wutar tsawa da ba a gaggauta kashewa ba a gefen arewa na gandun Grand Canyon ta ɓalle, ta cinye tsohon masaukin baƙi na wurin. Ga hayaƙi da ke tafiya ɗaruruwan kilomita yana shiga ƙirjin yara da tsofaffi da masu asma, waɗanda ba a nemi shawararsu ba. Sannan ɗumamar yanayi tana ƙuntata lissafin. A 2016 wuta ta sake cin wani yanki na Yellowstone da ya ƙone a 1988. Itatuwan shekararsu 28 kacal, ba su tara iri kamar na tsohon daji ba, tsiron da ya biyo baya ya ragu matuƙa. Dajin da ya saba da hutun shekara 200 ba zai jure wuta duk bayan 30 ba. Shi ya sa a yau ba a barin wuta haka siddan: sai an duba danshin itace, da hasashen iska, da nisan gari, da yawan ma'aikatan da ke hannu, kuma kullum sai an sake dubawa.

Mu ma nan wutar daji ba baƙuwa ba ce, kuma ina tsoron wani ya karanta wannan ya ce ashe ƙona daji gyara ne. Lokaci da wuri su ne ke raba gyara da ɓarna. Tun shekarun 1930 masanin daji André Aubréville ya ware filayen gwaji kusa da Bouaké a ƙasar Kodebuwa. Filin da aka hana wa wuta ya rikiɗe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa a farkon rani ya riƙe itatuwansa da yawa. Wanda ake ƙonawa a ƙarshen rani kuwa itatuwansa suka yi ta ƙarewa, ciyawa ta gaje wurin. Dalilin ke nan da masu kula da gandun daji irin na W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, ke cinna wuta da wuri, bayan ɗaukewar damina, tun ciyawa na da sauran danshi. Wutar ba ta yin zafi, takan mutu da raɓar dare, gamba ta yi toho dabbobi su samu na ci, kaɗanya da sauran itatuwa masu kaurin ɓawo su wuce lafiya, kuma filin da ya ƙone ya tare hanyar babbar gobara daga baya.

Wutar da mafarauta ke cinnawa cikin tsakiyar hunturu ko bazara don korar gafiya da zomo wata aba ce daban. Ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ba wanda ya share layin tare wuta, ba kuma wanda zai tsaya ya ga ƙarshenta. Tana kashe ƙananan itatuwan da za su gaji manya, takan faɗa gonakin da ba a gama kwashe amfaninsu ba. Can arewa kuwa, a makiyayar Sahel, yawancin ciyawar mai shekara guda ce, ba ta da saiwar da za ta yi toho. Idan ta ƙone a watan Nuwamba, garken da ya dogara da ita ba shi da abin ci a wurin sai ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli.