Mai Tsere Da Ciwon Bayan Cinya

A bayan cinyar mutum akwai tsoka uku, su ke lanƙwasa gwiwa, su kuma riƙe ƙafa sa'ad da mai gudu ya miƙa ta gaba. In gudu ya tsananta, ɗayansu ta kan yage.

Haka ya sami Usain Bolt, mutumin Jamaika, farkon Yuli 2016, saura mako biyar a fara wasannin Olimfik. Bai yi gardama ba, ya janye daga tseren ƙasarsu, ya tafi wurin likita a Jamus. Bayan mako uku ya gwada ƙafar a Landan, ya yi mita 200 cikin sakan 19.89. A watan Agusta ya ci lambar zinariya uku.

To, malamai masu koya wa yara tsere, sai ku lura. Yagewar Bolt ƙarama ce, babba kuwa ta kan ci watanni. Yaro ya fara da tafiya, sa'an nan sassarfa, kana gudu, ana ƙarfafa tsokar. Muddin yana jin zafi kada a sa shi tsere, gama ciwon nan ya kan komo. Bolt kansa, irinsa ya kayar da shi a tserensa na ƙarshe, cikin 2017. Sauri ya kan haifi nawa.