Dishi-dishin Hoto a Babban Madubin Hangen Taurari: Gano Musabbabi ta Gwajin Tauraro

Tun 1668, lokacin da Isaac Newton ya ƙera na'urar hangen nesa mai aiki da madubi, tsarin bai sauya sosai ba: babban madubi mai kwarmi a gindin bututu yana tattara haske, ƙarami kuma yana karkato shi zuwa gilashin leƙawa. Salon John Dobson na Amurka ya ba masu sha'awar taurari damar mallakar madubi mai faɗin santimita 40 ko fiye. Sai dai sau da yawa akan murɗa madaidaicin hoto gaba da baya, tauraro ya ƙi zama ɗigo.

Galibi laifin ba na madaidaicin ba ne, kuma tauraron da kansa zai nuna inda matsalar take. A zaɓi mai haske da ya yi sama, a sa shi tsakiyar gani, a ɗan goce daga daidai. Zai buɗe ya zama faifai mai zobba, da baƙin tabo a ciki, wato inuwar ƙaramin madubi.

Idan zobban suna motsi a hankali kamar hayaƙi, zafi ne. Gilashi mai kaurin santimita 5 yana riƙe ɗumin rana bayan iskar dare ta huce, sai siririyar iska mai ɗumi ta kwanta a fuskarsa tana lanƙwasa haske. Wannan, a ganina, shi ne musabbabin da aka fi rainawa, alhali maganinsa mai arha ne: a fitar da na'urar awa ɗaya ko biyu kafin kallo, a kunna ƙaramar fanka a bayan madubin. Rawar zobba mai sauri kuwa ta sararin sama ce. Sai dai a jira wani daren.

Tabon da ya kauce daga tsakiya yana nufin madubai biyun ba su fuskanci juna daidai ba, kuma da sukurori uku na bayan babban madubi ake gyarawa. Faifai mai kusurwa uku alama ce ta maƙalan da suka matse gilashi. A sassauta su.

Mafi muni shi ne zobban su bambanta ƙwarai a ɓangarori biyu na daidai, ko bayan madubi ya huce. Nan kwarmin ne aka goge ba daidai ba. Haka ta faru ga na'urar Hubble a 1990: kuskuren kimanin maikiromita 2 a gefen madubinta ya dusashe hotunanta, har sai da 'yan sama-jannati suka ɗora mata madubban gyara a Disamban 1993.